Yadda za ka saka ƙunshin npm ko PyPI ba tare da an kwashe maka mabuɗan aiki ba

Tun bayan zaman da muka yi da matasa masu rubuta manhaja a nan Garwa, tambaya guda ake ta aiko mini daga Marwa, Ngaundere, har da Kuseri da tsallaken gada a Njamena: "Malam, ka ce ɓarawo na iya shigowa ta `npm install`. To mu daina saka ƙunshi ke nan?" Ba mai iya dainawa. Duk wanda ke aiki da JavaScript ko Python a yau, a kan ƙunshin kod da wasu suka rubuta suka bayar kyauta yake gini: na JavaScript daga rumbun npm ake sauko da su, na Python daga rumbun PyPI. Abin da ake bukata shi ne a san me ake fara yi da me ke biyo baya.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara. Lokacin da ka saka ƙunshi, ka ba marubucinsa damar gudanar da umarni a kwamfutarka da irin ikon da kake da shi. Duk fayil ɗin da kai za ka iya buɗewa, shi ma zai iya. Kuma ƙunshi ɗaya kan jawo wasu ɗaruruwa waɗanda ko sunansu ba ka taɓa ji ba.

Kayan aiki: kwamfutarka, wayarka, filashi guda, takarda da biro, da kamar awa biyu a karon farko. Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, data kawai za ka kashe. Abu ɗaya ne ke cin kuɗi sosai, na kuma faɗe shi a mataki na 2.

1. Kwashe mabuɗai daga tsakar gida

Mutane da yawa kan fara da neman manhajar kashe bairos. Ni na fi son a fara da rage abin da ɓarawo zai samu idan ya shigo. Wuraren da irin wannan muguwar manhaja ke lalube sanannu ne, ka duba su ɗaya bayan ɗaya:

- `.npmrc` da `.pypirc` a babban foldanka, inda token, wato mabuɗin sirri na wallafa ƙunshi, ke zama
- foldan `.ssh`, inda mabuɗan SSH na shiga saba suke, wato kwamfutar da ke ɗauke da aikinka a intanet
- `.aws/credentials` da makamantansa na Google Cloud ko Azure
- `.git-credentials`
- duk fayil ɗin `.env`, inda ake ajiye sirrin aiki, da ke cikin ayyukanka, sababbi da tsofaffi
- kalmomin sirrin da ka bar wa Chrome ko Firefox su ajiye maka

Rubuta abin da ka gani a takarda: wane mabuɗi, na wane aiki, a ina ake soke shi. Kada ka rubuta mabuɗin kansa, sunansa kawai. Wannan takardar ce za ta cece ka a mataki na 8.

Sai ka share duk wanda ba ka amfani da shi, ka kuma soke shi a can inda aka ba ka shi. Mabuɗin SSH da ba shi da kalmar sirri, sa masa da `ssh-keygen -p -f ~/.ssh/id_ed25519`. Buga `git config --global credential.helper`, idan amsar ta fito `store`, to bayanan shigarka suna nan a rubuce ƙuru-ƙuru cikin `.git-credentials`, ka sauya wannan tsarin. Kalmomin sirri kuma ka mayar da su manhajar adana kalmomin sirri, KeePassXC ko Bitwarden. A wajenmu na fi karkata ga KeePassXC, domin ba ya bukatar intanet, kuma kowa ya san yadda layi ke ɗaukewa a arewa.

Gargaɗi: idan kana gina wa makaranta ko shago tsarin karɓar kuɗi ta MTN Mobile Money ko Orange Money, ko Airtel Money da Moov a Chadi, mabuɗan gwaji kawai ya kamata su zauna a kwamfutarka. Na ainihi wurinsu saba. Wannan kuskuren na fi gani a wajen ƙannenmu: mabuɗin da ke taɓa kuɗin mutane yana kwance cikin `.env` a kwamfutar da ake gwada kowane irin abu.

2. Ƙara makulli na biyu a asusunka

Kunna tantancewa mai hawa biyu a imel ɗinka da farko, sannan GitHub, npm da PyPI. PyPI ta wajabta shi ga masu asusu tun farkon 2024. Yi amfani da manhajar lambobi ta waya inda ake karɓarta, ka guji saƙon SMS, domin layi na iya ɓata ko wani ya karɓe shi. Lambobin farfaɗo da asusu da za a ba ka, kwafe su da biro ka adana inda kake ajiye takardar haihuwa. Kada ka ɗauke su hoto ka bari a wayar.

Token ɗin GitHub kuwa, ƙirƙiri irin wanda ake iyakance wa ma'aji ɗaya, wato wurin ajiye kod ɗin aiki guda, da ranar mutuwa. Token mai ikon komai da ba ya mutuwa, shi ɓarayin nan suka fi so.

Gargaɗi: lambar nan mai sauyawa ta manhajar waya ba ta hana a yaudare ka. A ranar 8 ga Satumban 2025 an aika wa mai kula da ƙunshin `chalk` da `debug` imel daga adireshin `npmjs.help`, wai ya sabunta tsaronsa. Ya shigar da kalmar sirri da lambar, nan take aka karɓe asusun, aka wallafa gurɓatattun fito na ƙunshi 18 waɗanda ake saukewa sama da sau biliyan 2 a mako. Mutum ne gwani, ba ɗan koyo ba. Saboda haka kada ka taɓa shiga npm ko GitHub ta mahaɗin da ya zo a imel, buga adireshin da hannunka. Abin da ke toshe wannan yaudarar shi ne passkey, wato mabuɗin shiga da ke zaune cikin na'urarka a madadin kalmar sirri, wanda yawancin wayoyin yanzu ke yi kyauta, ko mabuɗin ƙarfe irin YubiKey. Shi wannan ya haura jika goma na sefa kafin kuɗin kawowa, kuma da wuya ka same shi a kasuwarmu. Idan kana wallafa ƙunshin da wasu ke saukewa, ya cancanci kuɗinsa. In ba haka ba, passkey ya wadatar.

3. Hana umarnin sakawa gudu da kansa

Wannan matakin minti ɗaya ne, amma ya fi sauran toshe ƙofa. A npm, ƙunshi na iya ɗauke da umarnin `preinstall`, `install` ko `postinstall`, waɗanda ke tashi da kansu lokacin sakawa. Ta nan aka bi a harin da aka kai wa ƙunshin Nx a Agustan 2025, ta nan kuma Shai-Hulud, muguwar manhaja mai yaɗa kanta daga ƙunshi zuwa ƙunshi, ta bi a Satumba da Nuwamban shekarar. Buga:

`npm config set ignore-scripts true`

Wasu ƙunshin kirki suna bukatar wannan umarnin don su haɗa kansu, irin su `bcrypt` da `sqlite3`. Idan ɗaya ya ƙi aiki, ka duba shi tukuna kamar yadda mataki na 4 ya nuna, sannan ka buɗe masa shi kaɗai: `npm rebuild bcrypt --ignore-scripts=false`. Masu amfani da pnpm, wata manhajar saka ƙunshi a madadin npm, daga fito na 10 sun huta, domin a can an rufe wannan ƙofar tun asali, sai wanda ka amince masa da `pnpm approve-builds`.

A Python, haɗarin yana cikin `setup.py`, wanda ke gudu idan pip, manhajar saka ƙunshin Python, ya sauko da ɗanyen kod zai gina. Ka ce masa ginanne kawai kake so:

`pip install --only-binary :all: sunan-ƙunshi`

Gargaɗi: wannan bai rufe dukkan ƙofofi ba. Idan mugun kod yana cikin jikin ƙunshin, zai tashi ranar da manhajarka ta kira shi da `require` ko `import`. Haka na `chalk` da `debug` ya kasance. Kuma `venv` na Python ba katanga ba ce: yana raba ƙunshin wannan aiki da na wancan, amma ba ya hana kowa karanta `.ssh` ɗinka. Na sha jin ana cewa "ai cikin venv na saka", kamar an faɗi wani kariya.

4. Duba ƙunshin kafin ya shigo

Fara da suna, harafi bayan harafi. A 2017 an wallafa `crossenv` don ya yi kama da `cross-env`, aikinsa kwashe bayanan sirrin da ke cikin muhallin aiki ya aika waje. A PyPI an yi `colourama` a madadin `colorama`. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna buga sunayen Ingilishi a kan allon AZERTY, saurin kuskuren harafi ya fi yawa a wajenmu. Kwafo sunan daga takardun aikin na asali. Idan ChatGPT ko makamancinsa ne ya ba ka sunan, ka ninka bincike, domin sukan ƙago sunan da babu shi, ɓarayi kuma su je su yi rajistarsa su jira.

Sai ka tambayi npm ba tare da ka saka komai ba:

`npm view sunan-ƙunshi`
`npm view sunan-ƙunshi time`
`npm view sunan-ƙunshi scripts`

Na farko zai nuna masu kula da shi da abin da yake jawowa. Na biyu ranakun fitowa. Na uku umarnin da ke ciki. Abin da ke tayar mini da hankali: ƙunshin da aka haifa makon jiya, wanda ya yi shekara uku shiru sai ga sabon fito kwatsam, ƙaramin abu mai sauya launin rubutu amma yana da `postinstall`, ko sabon mai kula da ba a san shi ba. Na ƙarshen nan shi ne labarin `event-stream` a 2018: mai shi ya gaji, wani ya ce zai taya shi, aka miƙa masa, ya cusa kod mai farautar jakar Bitcoin ta Copay.

Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, sauko da shi a naɗe da `npm pack sunan-ƙunshi`, ka kwance da `tar`, ka karanta. A Python `pip download sunan-ƙunshi --no-deps --only-binary :all:`, fayil ɗin `.whl` zip ne kawai. Nemi `child_process`, `eval`, `exec`, `base64`, adireshin intanet da ba shi da alaƙa da aikin ƙunshin, da dogon layi guda na haruffa marasa ma'ana. Ba sai ka fahimci kowane layi ba. Tambayar ita ce: me ya haɗa ƙunshin lissafin kwanan wata da foldan `.ssh`?

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka cire `--only-binary` daga umarnin `pip download`, domin ba tare da shi ba saukewar kanta na iya tayar da `setup.py`. Sannan abin da ka gani a GitHub ba lallai ne shi aka ɗora a npm ba, kuma yawan taurari ba shaida ba ce, tunda kowa na iya liƙa adireshin ma'ajin wani a ƙunshinsa. Karanta wanda ka sauko.

5. Bar sabon fito ya kwana

Yawancin gurɓatattun fito na manyan ƙunshi ana gano su a cire cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Wanda ya yi haƙurin kwana uku zuwa bakwai ya tsallake mafi yawansu. A pnpm, daga fito na 10.16, sa `minimumReleaseAge: 4320` cikin `pnpm-workspace.yaml`, lissafin da minti ne, wato kwana uku. A npm akwai `npm install --before=` sai ka biyo da kwanan watan makon jiya. A uv na Python akwai `--exclude-newer`.

Fayil ɗin `package-lock.json` ka sa shi cikin git, kada ka share shi don wani kuskure ya fito. A saba da kuma duk lokacin da ka ɗauko aikin da ke akwai, yi amfani da `npm ci`, wanda ke saka daidai abin da ke rubuce a fayil ɗin. A Python ka ƙayyade lambar fito da `==`, in da hali ka haɗa da `--require-hashes`.

Inda wannan dokar ke da togiya: idan an sanar da wani rami mai haɗari a ƙunshin da kake amfani da shi kuma an fitar da gyara, wannan ba a jira.

6. Aikin baƙo a zaure yake tsayawa

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi cin mutanenmu. Aiki ya yi ƙaranci, matashi ya koyi React da kyar, sai ga saƙo a LinkedIn ko Telegram: kamfani a waje na neman ma'aikaci daga nesa, albashi da dala. An yi hira mai daɗi, sai a ce ga ɗan gwaji, sauko da wannan ma'ajin, ka yi `npm install`, ka tayar da shi ka gyara abu kaza. Gwajin shi ne tarkon. Masu bincike na Palo Alto Networks sun bayyana wannan salon tun Nuwamban 2023, suka danganta shi da Koriya ta Arewa, kuma abin da kod ɗin ke nema shi ne kalmomin sirrin burauza da jakunkunan kirifto. Wani ƙanena a nan ya kawo mini irin wannan ma'ajin yana murna. Da muka buɗe wani fayil na saiti, sai muka ga layi ɗaya an tura shi can dama da tarin sarari, yadda ba za ka gan shi ba sai ka ja allon. Allah ya sa bai riga ya tayar da shi ba.

A gidan Bahaushe baƙo ba ya wuce zaure sai an san shi. Ka yi wa kwamfutarka zaure. Hanya uku ce, gwargwadon ƙarfin na'urarka.

Idan kana da Docker, manhajar da ke gudanar da kod cikin keɓaɓɓen akwati, shiga foldan aikin ka buga:

`docker run --rm -it -v "$PWD":/aiki -w /aiki node:22-slim bash`

Foldan nan kaɗai baƙon zai gani. Na zaɓi `slim` saboda data, cikakken ya kai ɗaruruwan megabayit. Gargaɗi: kada ka buga wannan kana tsaye a babban foldanka, domin ka miƙa masa gidan gaba ɗaya ke nan. Kuma ka tabbata babu `.env` na ainihi a foldan.

Idan ƙwaƙwalwar kwamfutarka ta kai gigabayit 8, VirtualBox, mai ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, da Linux a ciki ya fi ƙarfi. Kada ka shiga imel ko GitHub ɗinka daga cikinsa, kada ka haɗa masa foldan gidanka. Fayil ɗin Ubuntu yana da nauyi, karɓa a filashi wajen abokin aiki ba laifi, amma ka gwada lambar SHA256 ɗinsa da wadda ke shafin Ubuntu.

Idan tsohuwar kwamfuta ce mai gigabayit 4, irin wadda yawancin ɗalibai ke riƙewa, buɗe asusun mai amfani na biyu wanda ba shi da ikon shugaba, babu kalmar sirri ko ɗaya a burauzarsa, ka riƙa gwaji a can. Bai kai biyun farko ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Kuma idan VS Code ya tambaye ka ko ka amince da marubutan folda, ga aikin baƙo amsar a'a ce. Mai ɗaukar aikin da ya dage sai ka tayar da kod a kan ainihin kwamfutarka, yana kuma gaggauta ka, rabu da shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

7. Binciki abin da ka riga ka saka

A kowane aiki buga `npm audit` ko `pip-audit`. Idan ka ji an ambaci wani ƙunshi a labarai, `npm ls sunan-ƙunshi` zai gaya maka ko yana cikin aikinka da lambar fitonsa, ko da wani ne ya jawo shi. Shafin osv.dev ma yana da jerin waɗanda aka kama. Waɗannan duka abin da aka riga aka kai rahoto kawai suka sani, shirunsu ba wanke ƙunshi ba ne.

Sai ka leƙa GitHub ɗinka. Shai-Hulud takan tattara mabuɗan mutum da manhajar TruffleHog, ta buɗe sabon ma'aji a fili cikin asusunsa ta zuba su, sannan ta yi amfani da token ɗinsa na npm ta gurɓata ƙunshin da yake kula da su. Nemi ma'ajin da ba kai ka buɗe ba, fayil ɗin `shai-hulud-workflow.yml` cikin `.github/workflows`, ko `setup_bun.js` da `bun_environment.js` cikin `node_modules`.

8. Idan an riga an shiga

Jerin nan kada ka sauya shi.

Kashe kwamfutar gaba ɗaya. Kada ka tsaya share-share a kanta, kada ka sauya kalmar sirri daga cikinta. Zagaye na biyu na Shai-Hulud ya zo da umarnin goge babban foldan mutum idan ya rasa hanyar fitar da abin da ya sata, don haka barin ta a kunne ana gwaje-gwaje haɗari ne.

Ɗauko takardar mataki na 1, ka koma wata na'ura mai tsabta, ko wayarka ce. Imel da farko, domin da shi ake karɓe sauran: sauya kalmar sirri, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki. Wannan fitarwar wajibi ce, saboda ɓarawon da ya kwashi kukis na burauza, wato shaidar cewa ka riga ka shiga, yana shiga ba tare da kalmar sirri ba. Sai GitHub: soke kowane token, goge mabuɗan SSH, duba manhajojin da aka ba izini. Sauya kalmar sirri kaɗai ba ya goge mabuɗin SSH. Sai npm da PyPI, sai sabobi da rumbun bayanai, sai mabuɗan biyan kuɗi. Idan akwai jakar kirifto a kwamfutar, wannan ma ya riga GitHub: buɗe sabuwa da sababbin kalmomi a wata na'ura ka kwashe kuɗin, tsohuwar ta mutu.

Kira masu aikin da mabuɗansu ke hannunka a ranar. Na san nauyin wannan kiran. Za ka ji kamar Alhaji mai shago ba zai ƙara ba ka aiki ba. Amma "ranka ya daɗe, an shiga kwamfutata, na soke mabuɗan, ina so mu duba asusun tare" ya fi sauƙi a yau fiye da bayanin kuɗin da suka ɓace bayan wata guda.

Bayan haka ka tayar da kwamfutar daga filashin Linux, ka kwashe takardunka da kod ɗinka, ban da `node_modules`, `venv` da duk wani fayil mai tashi da kansa. Goge faifan, ka sake saka Windows ko Linux daga tushe. Manhajar kashe bairos ta ce ta share ba dalili ba ne na tsallake wannan.

Kai rahoton ƙunshin: shafin kowane ƙunshi a npm da PyPI yana da wurin sanar da cewa mai cutarwa ne, ka rubuta suna, lambar fito da fayil ɗin da ka ga abin. Idan kuɗi ko bayanan mutane sun fita, a Kamaru hukumar ANTIC ce ke karɓar irin wannan ƙorafin, a Chadi kuma ANSICE. Ka tafi da hotunan saƙonnin da aka aiko maka, adireshin ma'ajin, da ranar da ka saka ƙunshin, wadda za ka samu a tarihin git na `package-lock.json` ko a foldan `.npm/_logs` idan ka kwafo shi kafin gogewa.